Bitamin C da E da gyambon cikin da magungunan ciwon jiki ke haddasawa: Abin da aka gani a ɓeraye da inda hujjar ta tsaya

Magungunan kashe raɗaɗi da kumburi, irin su asfirin, ibufurofen, diklofenak, firoksikam da indometasin, suna cikin waɗanda aka fi sha a duniya, kuma dukkansu suna iya cin bangon ciki har ya zama gyambo, abin da jama'a ke kira olsa. Shekaru fiye da talatin ke nan masu bincike suna gwada wata dabara a kan ɓerayen ɗakin gwaji: a ba dabba bitamin C ko bitamin E, a ɗura mata maganin da ke raunata ciki, sannan a duba ko raunin ya ragu. A galibin gwaje-gwajen da aka wallafa, yana raguwa. Sakamakon ya maimaitu a ƙasashe daban-daban, kuma yana da bayanin da hankali zai ɗauka.

Duk da haka, ƙa'idojin da manyan ƙungiyoyin likitocin ciki suka shimfiɗa don kare masu shan waɗannan magunguna ba su sa bitamin a cikin hanyoyin kariya ba. Tsakanin abin da aka gani a cikin ɓera da abin da likita zai rubuta wa mutum akwai tazara mai faɗi, kuma a cikin wannan tazarar ne masu tallan ƙwayoyin ƙarin kuzari suke cin kasuwarsu.

Yadda maganin ciwo ke raunata ciki

Cikin ɗan Adam yana fitar da ruwan asid mai ƙarfin da zai narkar da nama, amma ba ya narkar da kansa. Abin da ke tsare shi shi ne yauƙi mai kauri da ya lulluɓe bangon, da wani sinadari mai kashe tsami da ke ƙarƙashin yauƙin, da jini mai gudana sosai a ƙananan jijiyoyi, da kuma saurin da ƙwayoyin halittar bangon suke sabunta kansu. Duk waɗannan suna samun umarni daga wasu sinadarai da jiki ke haɗawa, waɗanda ake kira furostagilandin.

Kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayar da asfirin a 1899, aka yi ta shan sa shekara da shekaru ba tare da an san yadda yake aiki ba. A 1938 wasu likitoci biyu a Landan, Douthwaite da Lintott, suka zura na'urar leƙa ciki ta maƙogwaron mutanen da suka haɗiyi asfirin, suka ga bangon cikin ya yi ja a inda ƙwayar ta zauna, wani wurin har da jini. An ɗauka cewa ƙwayar ce kawai ke ƙona inda ta taɓa. Sai a 1971 John Vane, masanin magunguna a Ingila, ya nuna cewa asfirin da danginsa suna toshe hanyar da jiki ke bi ya haɗa furostagilandin. Wannan aiki ne ya sa ya samu kyautar Nobel a 1982, tare da wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin. Da ma furostagilandin ne ke kawo zogi da kumburi da zazzaɓi, shi ya sa toshe shi ke kawo sauƙi. Amma shi ne kuma mai gadin ciki. Ana maganin ƙaba, kai yana kumbura.

A 1979 André Robert, wani mai bincike a Amurka, ya nuna ɗaya ɓangaren a kan ɓeraye: ɗan ƙanƙanin furostagilandin, wanda bai ma kai ya rage asid ba, yana kare cikin ɓera daga barasa tsantsa, daga asid mai ƙarfi, har daga tafasasshen ruwa.

Akwai abin da ya kamata mai shan magani ya fahimta a nan. Tunda ɓarnar ta cikin jini take bi, allurar diklofenak a ɗuwawu tana iya haifar da gyambo ko da ba a haɗiyi komai ba. Haka ita ma ƙwayar da aka yi wa rufi don kada ta narke sai ta wuce ciki, ba ta kawar da haɗarin.

A tsakanin masu shan irin waɗannan magunguna kullum, kamar masu ciwon gaɓoɓi, na'urar leƙa ciki tana gano gyambo a wajen kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari. Waɗanda abin ke kai su ga zubar jini ko hujewar ciki ba su kai haka ba, wajen kashi 1 zuwa 2 ne a shekara. Sai dai idan aka tuna yawan masu shan maganin, kashi ɗaya ma jama'a ce mai yawa. Kuma sau da dama gyambon ba ya yin ciwo kafin ya fashe, domin maganin da ya haddasa shi yana danne zafinsa.

Inda bitamin suka shigo

Zuwa ƙarshen shekarun 1980 masana sun lura cewa raguwar furostagilandin kaɗai ba ta bayyana dukkan ɓarnar ba. A 1990 John Wallace da abokan aikinsa a Jami'ar Kalgari ta Kanada suka gano cewa idan aka rage wa ɓera wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil kafin a ba shi indometasin, raunin cikinsa yana raguwa ƙwarai. Nutrofil sojojin jiki ne, aikinsu kashe ƙwayoyin cuta. Da maganin ya shiga jini, sai su manne a bangon ƙananan jijiyoyin ciki, su tare hanyar jini, su kuma saki makaminsu a inda babu abokin gaba.

Makamin nan wasu gutsattsarin iskar oksijin ne marasa natsuwa, waɗanda za a iya kira tartsatsin oksijin. Duk abin da suka taɓa sai sun ƙwace masa wani abu, kamar yadda iska da laima ke sa ƙarfe ya yi tsatsa, ko man gyaɗa ya yi ɗoyi idan ya daɗe a buɗe. Fatar da ta kewaye kowace ƙwayar halitta ta kitse ce. Idan tartsatsi ya faɗa kanta, ƙwayar kitse ɗaya da ta lalace tana lalata ta kusa da ita, ita ma ta lalata ta gaba, har fatar ta yage. Ragowar wannan ƙonewa wani sinadari ne da ake taƙaita sunansa da MDA, kuma shi masu bincike suka fi aunawa don sanin girman ɓarnar.

A 1991 rukunin Wallace ya nuna cewa sinadaran da ke kashe wannan tartsatsi suna rage raunin indometasin a ɓeraye. A 1993 Toshikazu Yoshikawa da abokan aikinsa a Kiyoto ta Japan suka wallafa wani bincike a mujallar Gut. Sun ba ɓeraye indometasin ta baki, miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin jiki, suka ga faɗin raunuka da yawan ƙonannen kitse a bangon ciki suna hawa tare yayin da lokaci ke tafiya, bitamin E na cikin jini kuma yana sauka. Da suka ba dabbobin sinadaran kashe tartsatsi, raunukan suka ragu, bitamin E ma bai zube kamar da ba.

Daga nan tunanin ya zama mai sauƙi. Jiki yana da nasa makaran tsatsa, wasu yana haɗa su da kansa, wasu kuma daga abinci yake samu. Bitamin E yana narkewa a kitse, don haka yana zaune a cikin fatar ƙwayar halitta, inda yake katse wancan jerin ɓarna. Bitamin C yana narkewa a ruwa, yana kame tartsatsi a cikin jini da ruwan ciki, yana kuma farfaɗo da bitamin E bayan ya gama aiki ya gaji. Su biyun aikin gayya suke yi. Idan tsatsa na cikin sanadin gyambon, me zai hana a ƙara wa dabba makarin tsatsa?

Shi kansa bitamin E ta hanyar ɓera aka san shi. A 1922 Herbert Evans da Katharine Bishop, a Jami'ar Kalifoniya, suka lura cewa ɓerayen da aka ciyar da wani abinci na musamman ba sa iya riƙe ciki har su haihu, sai an ƙara musu ganyen latas ko ƙwayar alkama.

Yadda ake gwajin

Tsarin gwajin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Ana samo fararen ɓeraye, galibi jinsin Wistar, wanda ya samo sunansa daga wata cibiyar bincike a Filadelfiya ta Amurka. Ana kasa su rukuni-rukuni, sau da yawa biyar ko shida a kowane rukuni. Rukuni ɗaya ba a ba shi komai. Na biyu maganin ciwo kawai ake ba shi. Na uku ana ba shi bitamin na wasu kwanaki ko makonni kafin maganin, wani lokaci C, wani lokaci E, wani lokaci duka biyun. Akwai kuma rukunin da ake ba sanannen maganin olsa, kamar omefirazol, don a samu abin kwatance.

Kafin ranar gwaji ana hana ɓerayen abinci na kamar sa'a 24, sai ruwa. Sannan a ɗura musu indometasin ko asfirin mai yawa a karo ɗaya. Bayan sa'o'i kaɗan, yawanci huɗu zuwa shida, ana kashe su, a fito da tumbin, a tsaga shi, a shimfiɗa, a ƙirga jajayen layuka da ɗigon jinin da ke jikinsa, a auna tsawonsu, a fitar da maki. Ana yanko wani yanki a duba shi ta madubin ƙara girma, a niƙa wani a auna MDA da makaran tsatsan da jiki ke haɗawa.

Abin da aka saba gani shi ne: rukunin da ya sha maganin ciwo kawai, tumbinsa cike da raunuka, MDA ya hau, makaran tsatsa sun sauka. Rukunin da aka fara ba bitamin, raunukansa sun ragu, ma'aunan ma sun matso kusa da na lafiyayyu. Ragi ne ake samu, ba a cika samun tumbin da ya fita sumul ba. A Malesiya, masu bincike sun yi irin wannan aiki da wani nau'in bitamin E da ake tatsa daga manja, suka ba da rahoton cewa shi ma yana rage raunin asfirin a ɓeraye.

Wannan gwaji ba aikin banza ba ne. Shi ya tabbatar cewa asid ba shi kaɗai ne mai laifi ba, kuma irinsa ne ya share hanyar magungunan da ake amfani da su yau. Tambayar da ya amsa ita ce ko tsatsa na da hannu a raunin. Tambayar da mai shan diklofenak ke yi daban ce: idan na haɗa da bitamin, na tsira daga zubar jini?

Ɓera ba mutum ba ne

Bambanci na farko ya shafi bitamin C kai tsaye. Ɓera yana haɗa nasa bitamin C a hantarsa, kamar yadda akuya da saniya da kare suke yi. Ɗan Adam ba ya iyawa, domin ƙwayar gadon da ke kammala wannan aiki ta lalace a jikinsa, haka ma a birai da dama da kuma ɓeran Masar. Ke nan duk gwajin bitamin C a kan ɓera ƙari ne a kan abin da dabbar ke samar wa kanta, kuma jikinta na iya sauya yawan abin da yake haɗawa gwargwadon halin da ya shiga. Mutum kuwa hanjinsa na da iyaka: da zarar abin da ya haɗiya ya wuce 'yan ɗaruruwan miligiram a rana, kason da ke shiga jini sai ya ragu, ƙoda kuma ta zubar da rarar a fitsari.

Na biyu shi ne yawan maganin. Miligiram 20 ga kowane kilo, idan aka lissafa shi kai tsaye a kan mutum mai kilo 70, ya kama miligiram 1,400. Masana ba sa lissafi haka, domin ƙaramar dabba ta fi saurin sarrafa magani. Sukan raba adadin ɓera da kusan shida. Ko an yi hakan, abin da ya rage ya haura miligiram 200 a haɗiya ɗaya, a cikin da ya kwana ya wuni babu abinci, alhali mutum yakan sha miligiram 25 zuwa 50 ne a lokaci guda. Gwajin duka ɗaya ne mai tsanani. Tsohuwa mai ciwon gwiwa kuwa kaɗan-kaɗan take sha, watanni ko shekaru.

Na uku, raunin ma ba iri ɗaya ba ne. Abin da ke fitowa a tumbin ɓera mai azumi cikin sa'o'i shida yawanci ƙujewa ce ta sama-sama, a tsakiyar tumbin, kuma da za a bar dabbar da rai da yawancinsu sun warke cikin 'yan kwanaki. Gyambon da ke kai mutum asibiti yana da zurfi, ya fi fitowa a ƙasan ciki kusa da mafita ko a farkon ƙaramin hanji, kuma yana iya cin jijiyar jini. Rage ƙujewa ba lalle ne ya zama hana gyambo ba.

Sannan ɓerayen gwaji matasa ne, lafiyayyu, jininsu kusan ɗaya, abincinsu ɗaya, ba sa shan taba, ba su da hawan jini ko ciwon suga, ba sa haɗa magani uku. An kuma ba su bitamin tun kafin ɓarnar ta fara. Mutum sai ciki ya fara ƙuna yake neman abin sha.

Akwai kuma matsalar da ta shafi yadda ake aikin. Da ɓera biyar a rukuni, sa'a kaɗai na iya sauya sakamako. Idan wanda ke ƙirga raunukan ya san rukunin da kowane tumbi ya fito, idonsa na iya karkata ba da niyya ba. Gwajin da bai nuna komai ba kuma ba ya cika samun shiga mujalla, don haka abin da ake karantawa ya fi abin da aka gani daɗi. Saboda irin wannan ne wata cibiya a Birtaniya ta fitar da ƙa'idojin ARRIVE a 2010, ta sabunta su a 2020, inda ta nemi duk mai wallafa binciken dabbobi ya bayyana yadda ya kasa su, da yadda ya yanke yawansu, da ko mai aunawa ya san rukuninsu. Mai karanta irin wannan bincike zai iya fara dubawa daga nan. A fagen magunguna baki ɗaya, kusan tara cikin goma na waɗanda suka tsallake gwajin dabbobi suka shiga gwajin mutane ba sa kaiwa kasuwa.

Da aka gwada a jikin mutane

An gwada, amma kaɗan. A 1996 masu bincike a Nottingham ta Ingila suka ba wasu tsirarun lafiyayyun mutane asfirin mai yawa na 'yan kwanaki, wani zagaye tare da bitamin C, wani zagaye ba tare da shi ba, suna leƙa cikinsu da na'ura. Bitamin C bai kare cikin ba, amma ya rage rauni a farkon ƙaramin hanji. A 2001 Thorsten Pohle na Jami'ar Munster a Jamus, tare da masana daga Karakow ta Folan, suka ba da rahoton da ya fi ƙarfafa gwiwa: a lafiyayyun mutanen da suka sha asfirin kwana uku, haɗa shi da bitamin C ya rage ƙujewar ciki da ɗan tsattsafin jinin da ke biyo baya, ya kuma rage alamun tsatsa.

Waɗannan gwaje-gwaje sun yi kama da na ɓeraye fiye da yadda suka yi kama da rayuwar marar lafiya. Mutanen kaɗan ne, lafiyarsu ƙalau, kwanakin ba su kai mako ba, abin da aka auna kuma ƙujewa ce, ba zubar jinin da ke buƙatar ƙarin jini ba. Sakamakon biyun ma bai zo ɗaya ba.

Abin da ya sa likitoci ke ɗari-ɗari ya wuce batun ciki. A shekarun 1980 da 1990 an yi wa bitamin masu hana tsatsa kyakkyawan zato a kan sankara da ciwon zuciya, bisa hujjoji irin waɗannan daga ɗakin gwaji. Da aka kai su ga dubban mutane, labari ya sha bamban. A Finlan an bi maza 29,133 masu shan taba, aka wallafa sakamakon a 1994: waɗanda aka ba bita-karotin, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. A 2008 wani gwaji a kan likitoci maza fiye da 14,000 a Amurka ya nuna cewa bitamin C da E ba su rage manyan cututtukan zuciya ba, masu shan bitamin E kuma sun fi samun shanyewar jiki irin ta fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa. A 2011 gwajin SELECT, mai maza 35,533, ya gano cewa bitamin E ya ƙara sankarar furostet, ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da kashi 17 cikin ɗari.

Batun jini shi ya fi shafar mai shan asfirin. Bitamin E mai yawa yana rage daskarewar jini, asfirin ma haka yake yi. Wanda ya haɗa su don gudun gyambo, idan gyambon ya zo duk da haka, ya ƙara wa jininsa wahalar tsayawa. Shi kuwa bitamin C, hukumomin Amurka sun sa buƙatar babban mutum a miligiram 75 ga mace, 90 ga namiji a rana, iyakar da ba a so a wuce kuma 2,000. Wuce haka na kawo gudawa da murɗar ciki, kuma an danganta yawan shan ƙwayarsa da tsakuwar ƙoda a maza. Abin da jiki ke buƙata gwaiba ɗaya ta isar da shi. Lemo, tattasai da garin 'ya'yan kuka ma suna da shi. Bitamin E yana cikin gyaɗa da manta da manja. Babu ɗaya daga cikin haɗurran da aka lissafa da ya shafi cin waɗannan a abinci.

Abin da aka tabbatar yana karewa

Hanyar da André Robert ya buɗe a kan ɓeraye ta kai ga magani, kuma labarinta ya nuna yadda ake cike tazarar. An haɗa furostagilandin na kanti mai suna misofurostol, aka gwada shi a kan masu ciwon gaɓoɓi 8,843 da ke shan magungunan kashe kumburi, na tsawon wata shida. Sakamakon da aka wallafa a 1995 ya nuna raguwar manyan matsalolin ciki, wato zubar jini da hujewa da toshewa, da kashi 40 cikin ɗari. Yana sa gudawa, kuma haramun ne ga mai juna biyu domin yana zubar da ciki. A 1998 wasu manyan gwaje-gwaje biyu suka nuna cewa omefirazol, mai rage fitar asid, yana warkar da irin wannan gyambo yana kuma hana shi dawowa. Shi da danginsa ne likitoci suka fi haɗawa da maganin ciwo ga wanda ke cikin haɗari.

An kuma ƙera magungunan ciwo da suka fi sauƙi a kan ciki. Ɗaya daga cikinsu, Vioxx na kamfanin Merck, an janye shi daga kasuwa a watan Satumba na 2004 bayan an ga yana ƙara bugun zuciya da shanyewar jiki.

Waɗanda suka fi shiga haɗari sanannu ne: wanda ya haura shekara 65, wanda ya taɓa yin gyambo ko aman jini, mai haɗa maganin ciwo biyu, mai shan su tare da firednisolon ko dekzametazon ko maganin tsinka jini, da mai ɗauke da ƙwayar cutar Helicobacter pylori. Farasitamol ba ya cikin wannan dangi kuma ba ya cin ciki haka, amma wuce giram 4 a rana yana iya lalata hanta.

Inda abin ya shafi Najeriya

Ƙwayar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostareliya a farkon shekarun 1980 har suka samu kyautar Nobel a 2005, ita da magungunan ciwo su ne manyan sanadin gyambon ciki a duniya, kuma idan suka haɗu a ciki ɗaya haɗarin yana ninkuwa. A 1992 likita Chris Holcombe, wanda ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya ba da rahoton cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen da aka gwada a yankin suna da alamar ƙwayar a jininsu, kuma galibi tun suna yara suka ɗauke ta. An kuma san cewa ƙwayar tana rage bitamin C da ke cikin ruwan ciki, adadin yana farfaɗowa idan aka kashe ta. Ɓerayen da ake ɗura wa indometasin ba su da ita.

A kan wannan ƙasa ne ake sayar da magungunan ciwo a kemis, a tasha, a kan farantin masu talla, galibi babu takardar likita. Ɗan dako, mai tura baro, manomi ko ɗan acaɓa da ya wuni jiki na ciwo yakan karɓi haɗin ƙwayoyi a ƙulle a leda, ba suna, ba adadi. Ba abin mamaki ba ne a samu magungunan ciwo biyu na dangi ɗaya a irin wannan ƙulli, har da dekzametazon, wato haɗin da likitoci suka fi tsoro. Sau da yawa akan jefa bitamin C a ciki, ƙwayar da ba ta da tsada, mai kuma sa mai saye ya ji an kula da shi. Sa ido a kan wannan kasuwa aikin Hukumar Kula da Harkar Haɗa Magunguna ta Najeriya ne da hukumar NAFDAC, kuma duk wanda ya bi ta tashar mota ya san iyakar inda ikonsu ya kai.

Jami'o'in ƙasar nan suna cikin masu yawan yin gwajin indometasin a kan ɓeraye, da bitamin da kuma ruwan ganyaye da saiwoyi. Dalilin a fili yake: yana da araha, ana gama shi cikin makonni, yana isar ɗalibin digiri na biyu ya kammala, malami kuma ya samu takardar ƙarin girma. Mataki na gaba, wato a bi ɗaruruwan marasa lafiya na tsawon watanni ana leƙa cikinsu da na'ura, yana buƙatar kuɗi da kayan aiki da ƙwararrun da asibitocin jihohi da dama ba su da su. Sai binciken ya tsaya a ɓera, sakamakon kuma ya tsallako Facebook da TikTok da bakin mai talla a matsayin "masana sun tabbatar".

Alamomin da ke nuna gyambo ya fara zubar da jini su ne bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo da wari, aman jini ko amai mai kama da garin gahawa, jiri da bugun zuciya da sauri, ko ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya har ciki ya sandare. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu yana shan maganin ciwo, ya dakatar da maganin ya nufi asibiti a ranar, ya kuma tafi da ledar ko kwalin abin da yake sha domin likita ya gani.